GAYYAR ZAMANI: HAƊA HANNU DON RAYA TATSUNIYOYINMU DA ZANE MAI MOTSI

Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara

 



Gabatarwa

Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba mu wannan dama. Shekara da shekaru, a irin wannan zama, abin da muka saba tattaunawa shi ne rijiyar burtsatse da gyaran azuzuwa da tallafin karatu da tsadar taki. Bana kuwa mun zo da batun da wani zai ji kamar wasan yara, wato zane mai motsi, wanda 'ya'yanmu ke kira katun. Muna roƙon dattawa su yi mana haƙuri su saurara, domin mu da muka ƙare ƙuruciyarmu a gaban allo da alli mun san cewa abin da yaro ya kalla yana dariya, shi ne yake zama a zuciyarsa har ya tsufa.

Manufar wannan jawabi ita ce mu nuna cewa 'yan asalin ƙasar Funtuwa da Malumfashi, na gida da na birni, za su iya haɗa hannu su shirya gajerun finafinan zane da harshenmu, da kayan aikin da ba a sayar da su, sannan su bar abin da suka shirya a buɗe domin amfanin kowa.

Abin da ke shirin kuɓuce mana

Yawancin waɗanda ke zaune a wannan zaure sun tashi ne a gidajen da, in an gama cin tuwon dare, yara kan kewaye kaka ko goggo, ta ce ga ta nan ga ta nanku, su amsa baki ɗaya. A nan muka san Gizo da Ƙoƙi, da kura da wautarta, da dila malamin daji, da Botorami. A nan muka fara jin cewa haɗama tana da ƙarshe, kuma wanda ya raina na ƙasa da shi yana tare da kunya. Makaranta ce wadda ba ta da rajista, amma ta yaye mu duka.

Yau ɗan da muka haifa a Abuja ko Legas ko Fatakwal yana tashi da waya a hannu. Ya san sunayen dabbobin katun na Amurka da na Japan, ya haddace waƙoƙinsu, amma in aka kawo shi gida hutun Sallah, kakarsa ta yi masa magana, sai ya waiwayi uwarsa ta fassara masa. Akwai iyaye a nan da wannan abu ya taɓa sa su sunkuyar da kai. A gida ma dandali ya yi rauni. Shekarun rashin tsaro da suka addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara sun tarwatsa ƙauyuka da dama, sun rage hirar dare, sun mayar da tsofaffi baƙi a garuruwan da ba nasu ba. Duk tsohuwar da ta rasu, ta tafi da labaran da ba wanda ya rubuta.

Gaskiya ne magabata sun yi ƙoƙarin adanawa. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913, marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni domin 'yan makaranta a farkon shekarun 1970. To amma yaron da bai iya jin Hausa ba, yaya za a yi ya ɗauki littafinta? Dole mu bi shi inda idonsa yake. Hana shi kallo ba zai yiwu ba. Abin da ke hannunmu shi ne mu sa masa namu a cikin abin da yake kallo.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Kada wani ya ɗauka koyarwa da hoto mai motsi sabon abu ne a wannan yanki. Dattawanmu suna tuna majigi, motar da kan zo ƙofar fada da almuru, a kafa farin ƙyalle, a tayar da inji, gari ya taru. Ta wannan hanya aka yi ta wayar da kan jama'a game da tsafta da allurar rigakafi da noma. Fim ɗin Baban Larai, wanda aka shirya a shekarun 1950 domin koya wa manoma kyautata noman auduga, a Daudawa aka ɗauke shi, nan kusa da mu. Ba kuwa da ka aka zaɓi wurin ba: ƙasarmu ce cibiyar auduga, ga injinan gurza na Bisije a Funtuwa da Malumfashi, ga jirgin ƙasa yana kwasa.

A fagen zane mai motsi kuwa, ɗaya daga cikin waɗanda suka share hanya a duk Afirka maƙwabcinmu ne, Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda aka haifa a 1942. Tun yana yaro yakan yanka kwali ya yi siffofi, ya haska su da fitila, ya tara yara suna kallon inuwarsu. Da ya girma ya yi aiki da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaru da Norman McLaren, sannan a 1966 ya fitar da wani gajeren fim mai suna Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, inda ya yi wa masu mulki hannunka mai sanda. Daga baya ya zauna a Tawa, yana aikinsa da 'yan kayan da ya harhaɗa da kansa, har Allah Ya yi masa rasuwa a 2015. Mutumin nan ya fara ba shi da kwamfuta, ba shi da intanet. Abin da ke aljihun ɗan sakandarenmu a yau ya fi duk abin da ya mallaka a lokacin.

Har ila yau, a 2011 wasu masana a Jami'ar Illinois ta Amurka suka kafa wani shiri mai suna SAWBO, wanda ke shirya gajerun finafinan zane a kan noma da lafiya, ana ɗora musu murya da harsuna daban-daban, har da Hausa, ana raba su kyauta ta wayar hannu. Daga cikinsu akwai mai nuna yadda ake haɗa maganin ƙwari da 'ya'yan dalbejiya, da mai nuna yadda ake adana wake kada ya yi ƙwari. Hikimar abin ita ce zane ɗaya ne, murya kawai ake sauyawa, manomin da bai yi boko ba ya kalla ya gane. Gani ya kori ji.

Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja?

Manhaja ita ce umarnin da ke sa kwamfuta ta yi wani aiki, kamar rubutu ko lissafi ko zane. Domin mu fahimci bambancin da ke tsakanin manhajoji, bari mu koma gona. Akwai iri mai aure, wanda manomi ke saye a kanti kowace damina. Yana da yabanya, amma in ka ajiye 'ya'yansa ka sake shukawa ba ya ba ka abin da ya ba ka bara, sai ka koma ka sake saye. Akwai kuma irin gida, wanda ka gada, kana zaɓen zangarniya mai kyau ka rataye, ka ba maƙwabci, shi ma ya ba wani, kowa yana kyautata shi gwargwadon ƙasarsa. Manhajojin zane na manyan kamfanoni kamar iri na farko suke, da yawansu ma haya ake biya wata-wata da kuɗin waje. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa irin gida ce: an halatta maka ka ɗauka, ka yi aiki da ita, ka kwafa wa ɗan'uwanka, in kana da sani ka buɗe cikinta ka gyara.

Wannan tafiya ta samo asali ne a 1983, lokacin da wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya ƙaddamar da shirin GNU, ta kuma ƙara ƙarfi a 1991 da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fitar da Linux. Amma labarin da ya fi dacewa da ƙungiya irin tamu shi ne na manhajar Blender. Wani ɗan ƙasar Holan, Ton Roosendaal, shi ya ƙirƙire ta. Da kamfaninsa ya karye a 2002, manhajar ta maƙale a hannun masu hannun jari. Sai masu amfani da ita a faɗin duniya suka yi karo-karo, cikin mako 7 suka tara Yuro 100,000, suka fanshe ta, aka sake ta ga kowa a watan Oktoba na wannan shekara. Jama'a, wannan ai shi ne asusun neman taimako da muka saba ƙaddamarwa, sai dai su abin da suka gina ba a ganinsa da ido.

Ba su tsaya nan ba. A 2005 suka tara 'yan tsirarun masu zane daga ƙasashe daban-daban a birnin Amstadam, suka shirya gajeren fim mai suna Elephants Dream. Wani ɓangare na kuɗin aikin ya fito ne daga mutanen da suka biya kuɗin faifan tun kafin a gama shi. Da aka gama, sai aka saki fim ɗin tare da dukan kayan da aka haɗa shi da su, domin mai koyo ya warware ya ga yadda aka yi ɗinkin. Big Buck Bunny ya biyo baya a 2008, Sintel a 2010. Wanda ke shakkar ingancin kayan kyauta, ya sani cewa a watan Maris na 2025 fim ɗin Flow, wanda Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya ya shirya da Blender, shi ya lashe lambar Oscar ta finafinan zane, ya kayar da na manyan kamfanonin Amurka. A can Rasha kuma, a wani ƙaramin gari na Saberiya mai suna Gorno-Altaysk, wasu matasa sun ɗauki tatsuniyar ƙasarsu ta Marya Morevna suna mayar da ita zane mai motsi da buɗaɗɗun manhajoji zalla, masu taimaka musu suna warwatse a duniya. In ƙaramin gari a Saberiya ya iya, ba mu ga abin da zai hana Bakori ko Ƙafur ko Danja ba.

Yadda zane ke motsi

Asirin abin ba shi da wuya. Ɗalibanmu kan zana ɗan mutum a kusurwar kowane shafi na littafin rubutu, su karkaɗa shafukan da babban yatsa, sai a ga yana tafiya. To, shi ke nan. Ido ne ake yi wa dabara: in hotuna masu ɗan bambanci suka wuce da sauri, sai ya ga motsi. A silima hoto 24 ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, amma masu zane sukan wadatu da 12, kowane zane a nuna shi sau biyu.

Mu yi lissafi irin na aji huɗu. Fim na minti 3 daƙiƙa 180 ne. In kowace daƙiƙa tana son zane 12, ana bukatar zane 2,160. Mutum ɗaya mai yin zane 10 a yini zai shafe kwana 216, wato fiye da wata 7, in bai yi ciwo ba, bai je biki ba. Mutum 8 kuwa za su gama cikin kwana 27. Wannan lissafi shi kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa muka kira aikin gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma hanya mafi sauƙi ga masu farawa. Maimakon a sake zana Gizo sau ɗari, sai a zana shi sau ɗaya, a rarraba shi gaɓa-gaɓa, kai daban, hannu daban, ƙafa daban, a haɗa su da mahaɗai a cikin kwamfuta kamar 'yar tsanar da yara ke yi da karan dawa. Mai aiki ya nuna inda hannu zai fara da inda zai tsaya, kwamfuta ta cike tsakani. Baki kuwa siffofi kaɗan ake zanawa, a riƙa musanya su daidai da furuci.

Kayan aikin duk ana samunsu kyauta. Krita ta zane ce da fenti. Pencil2D ƙarama ce, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta, ita ta fi dacewa da mai koyo. Synfig ita ce gwanar motsa gaɓoɓi kamar yadda muka bayyana. OpenToonz, wadda aka buɗe wa kowa a 2016, ta samo asali ne daga manhajar da kamfanin Ghibli na Japan ya daɗe yana aiki da ita. Audacity ta ɗaukar murya ce da tace ta, Kdenlive kuma ta harhaɗa hoto da sauti. Blender ta fi su duka faɗi, amma tana son kwamfuta mai ƙarfi da haƙurin koyo, saboda haka a bar ta sai an yi ƙwari. Da zarar an sauke waɗannan manhajoji sau ɗaya, suna aiki ba tare da intanet ba, kuma halal ne a kwafe su a rarraba wa makarantu. Wannan ya raba mu da manhajar sata, wadda ke cike da ƙwayoyin cuta, ga kuma haƙƙin mutane a wuya.

Rabon aiki

A gayyar noma ba kowa ke riƙe da garma ba. Akwai mai kiɗa, akwai mai kawo fura, akwai dattijon da ke duba kunya ya ce a gyara nan. Haka wannan aiki yake.

Na farko, masu labari, wato iyayenmu mata da tsofaffi. A je gare su da ladabi, a nemi izini, a ɗauki muryarsu da waya, a rubuta sunan mai labarin da garinta da ranar da aka ɗauka. Ko da ba a yi fim ko ɗaya ba, wannan taska kaɗai riba ce.

Na biyu, malaman Hausa na makarantunmu, su mayar da labarin rubutaccen wasa wanda bai wuce shafi 2 ba, da ingantacciyar ƙa'idar rubutu, a sa wa ɓ da ɗ da ƙ ƙugiyoyinsu. Muna da 'ya'ya a sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Ahmadu Bello da ta Bayero, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma, su duba mana.

Na uku, masu zane. Kada mu ce ba mu da su. Mai rubuta allon kanti, da mai yi wa babbar mota ado, da mai zanen hula, da yarinyar da ke zana lalle, da yaron da ake duka saboda ya cika bayan littafinsa da hotuna, duk masu zane ne. A kwalejin horon malamai an koya mana yin kayan koyarwa da kwali da laka da kara, saboda haka tsofaffin malamai ma suna da abin bayarwa. Su za su fara zana labarin a takarda, fage bayan fage, kafin a taɓa kwamfuta. Su tabbata rumbun da za a gani namu ne, da zaure da danga da kuka da gawo, da irin shigarmu.

Na huɗu, masu murya da masu kiɗa. Ƙa'ida ita ce a ɗauki murya kafin a fara motsa zane, domin bakin zane ne ke bin magana. Ɗakin ƙasa mai rufin azara, da dare bayan gari ya yi shiru, ya fi ɗakin kwano kyawun sauti. A garin da marigayi Alhaji Mamman Shata ya zauna, ba za a ce an rasa mai kalangu ba.

Na biyar, 'ya'yanmu na birni masu ilimin kwamfuta. Su ne za su koyi manhajojin, su koyar, su harhaɗa aikin. Ɗaya yana Kaduna, ɗaya yana Legas, wata tana karatu a Ingila ko Malesiya, kowa ya karɓi fagensa ya yi a inda yake, ya turo. Wanda aiki ko nisa ya hana shi zuwa gida, ga hanyar da zai yi wa gida hidima.

Sharuɗɗan gayya

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ayyukan sa kai da yawa sun mutu saboda ba a yi magana tun farko ba, don haka muna ba da shawarar sharuɗɗa 5.

Sharaɗi na ɗaya, a naɗa jagora guda wanda maganarsa ce ta ƙarshe a kan siffa da launi da tsawon fim. In kowa ya zana Gizonsa yadda ya ga dama, za a wayi gari da Gizo takwas a fim ɗaya.

Na biyu, a ajiye dukan kayan aiki a ma'ajiya guda ta intanet, kowane fage da lambarsa, a kuma riƙe kwafi a ofishin ƙungiya. In wani ya sami canjin wurin aiki ko ya gaji, wani ya ɗora daga inda ya tsaya.

Na uku, a amince da lasisi a rubuce kafin a ja layi ɗaya. Wata ƙungiya mai suna Creative Commons ta fitar da lasisai tun 2002 domin irin wannan. Wanda muke ganin ya dace da mu shi ne CC BY-SA. Ma'anarsa, kowa na iya kwafa, ya nuna, ya fassara, ya gyara, har ya sayar, bisa sharaɗi biyu: ya ambaci sunayen waɗanda suka yi, kuma abin da ya gina a kai ya bar shi a buɗe kamar yadda ya same shi. Wani zai ce, to in mai tura finafinai a kasuwa ya sayar da shi fa? Amsarmu ita ce ya taya mu aiki, domin ya kai shi inda ƙafarmu ba ta kai ba. Mu ɗauke shi tamkar rijiyar da aka haƙa a bakin hanya. Wanda ya zana Gizo mai kyau a Malumfashi, gobe wasu a Maraɗi ko Zangon Kumasi su ɗauka su yi nasu labarin, wani kuma ya sa masa Fulatanci. Matasan da suka ƙware kuwa ba su yi asara ba, domin sana'a ta shiga hannunsu, kuma aikin da suka yi shi ne shaidarsu wurin masu neman a yi musu talla ko darasi.

Na huɗu, a kiyaye haƙƙin wasu. Tatsuniyar baka gadon kowa ce, amma littafin da aka buga da waƙar da aka ɗauka a faifai suna da masu su. Kada a ɗauki labari daga Magana Jari Ce, ko a ɗora waƙar wani, sai da izini. Yaron da za a ɗauki muryarsa kuma, sai iyayensa sun yarda.

Na biyar, a tafi da malamai. Mun san akwai maganganun malamai a kan zana abu mai rai, kuma akwai waɗanda suka yi sauƙi a kan abin wasan yara da abin koyarwa. Mu ba ma'abota fatawa ba ne. A kai musu rubutun da zanen tun a takarda, a ji ta bakinsu, a kuma nisanci duk abin da ya saɓa wa tarbiyya.

Bayan tatsuniya

In hannu ya faɗa, amfanin ba zai tsaya ga Gizo ba. Tun zamanin shirin raya aikin gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, mun san darajar malamin gona, mun kuma san ba a taɓa samun isassu ba. Tsutsar nan mai cinye masara da ta ɓulla a Nijeriya a 2016 ta nuna mana yadda manomi ke bukatar bayani cikin gaggawa. Fim na minti 2 zai iya nuna yadda ake gane ta da wuri, ko yadda mai feshi zai kare hancinsa da fatarsa, ko haɗarin zuba man girki a galan ɗin maganin ƙwari, ko yadda ake ɗaure buhu mai ninki uku. Sai dai duk saƙon noma ko na lafiya, wajibi ne masana su tantance shi tukuna, kuma ga cibiyoyin bincike na Samaru kusa da mu. Haka nan malamin aji ɗaya zai sami abin koyar da baƙaƙe da ƙidaya.

Abin da muke roƙon ƙungiya

Ba mu zo neman miliyoyi ba. Muna roƙon abu 4. A ware ɗaki guda a sakatariya ko a wata makaranta. A sa masa faranti mai amfani da hasken rana da batir, saboda halin wutar lantarki. 'Yan'uwa ma'aikata da 'yan kasuwa su ba da kwamfutoci 3 ko 4 daga cikin waɗanda suka daina amfani da su, da makirufo mai kyau guda ɗaya. Sannan a kafa ƙaramin kwamiti mai ɗauke da malami da dattijuwa da matasa biyu, mace da namiji.

Lokacin aiki kuwa, a bi kalandar manomi. Da kaka, in an kai amfani gida, a tattara labarai. Cikin hunturu a rubuta, a zana a takarda, a ɗauki murya. Da bazara a motsa zane a harhaɗa, a gama kafin ruwa ya sauka hankalin kowa ya koma gona. Kada a fara da dogon buri. Tatsuniya ɗaya, minti 3, 'yan wasa ba su wuce 3 ba. Na farko ba zai yi kyan na Japan ba, kuma ba abin kunya ba ne. Abin da ake so shi ne a gama shi, domin gajeren fim da aka kammala ya fi dogon da ya tsaya a baki. Da yayyafi kogi kan cika.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa, kakanninmu ba su bar mana gidajen bene ba, amma sun bar mana harshe da labari da al'adar taruwa a gonar wanda aiki ya fi ƙarfinsa. Kayan aikin da a da sai manyan kamfanoni ke iya mallaka, yau wasu bayin Allah sun yi gayyarsu sun ajiye mana kyauta. Abin da ya rage namu ne. Muna kira ga kowane reshe, kafin a watse daga wannan taro, ya ba sakatare sunan matashi ɗaya mai zane ko mai ilimin kwamfuta, kowane gida kuma ya tuna da tsohuwar da ta fi kowa iya tatsuniya a zuriyarsa, a je mata tun tana da ƙarfin magana. Fatanmu shi ne a taron baɗi, bayan rahoton ma'aji, a kashe fitila, a kafa farin ƙyalle, mu kalli aikin 'ya'yanmu tare da jikokinmu.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya shirya mana zuriya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.